Wake da Banda a Hindawiyya

A Madani ta ƙasar Sudan na haɗu da Baba Audu, a gonar auduga, shekarata biyu da barin Wudil. Shi kuwa shekararsa bakwai ke nan a hanya. Mutumin Gumel ne, dogo, siriri. Bayan rasuwar matarsa ya sayar da ɗan abin da yake da shi ya kamo hanyar gabas da ƙafa, ba shi da wani buri a duniya sai ya ga ya tsaya a Arfa. Ni kam ba zan ce aikin hajji ne ya fito da ni ba. Neman na kaina na fito, kuma gudun sana'ar gidanmu nake yi.

Ranar farko da muka zauna cin abinci a gindin bishiya ya tambaye ni me ake yi a gidanmu. Na ce masa ubana tela ne. Ƙarya na yi. Ubana mahauci ne, kakana mahauci ne, a kwata na yi wayo. Tun ina ƙarami yara ke toshe hanci in na shiga cikinsu, suna cewa ƙudaje sun rako ni. Abin ya zauna mini a rai, har na yi wa kaina alkawari duk inda na je ba wanda zai sake ganina riƙe da wuƙa. Baba Audu ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya ce, "To madalla, Allah ya haɗa ni da ɗan tela."

Washegari ya miƙo mini rigarsa da ta yage a hammata. Na yi mata wani irin ɗinki wanda in ya ɗaga hannu sai wuyan rigar ya shaƙe shi. Ya sa abarsa a haka. Daga ranar sunana ya koma Ɗan Tela, kuma duk abin da ya yage nasa ni yake kawo wa. Har ranar da aka yanka akuyar sadaka a gonar, ana neman mai fiɗa, na koma gefe na naɗe hannu ina kallon wani Bazabarme yana huda fatar ta ko'ina.

Shekara huɗu muka yi tare. Mun tsinci auduga a Madani, mun yanki dawa da riɗi a Gadarif, mun yi dako a Sawakin, bakin teku. In na yi zazzaɓi shi ke zama a kaina, in ƙafarsa ta kumbura ni ke ɗaukar kayansa. Mutane da yawa sun ɗauka ubana ne, mu kuma ba mu taɓa gyara musu ba.

A Sawakin ne aka cuce mu. Ba mu da takardun shiga babban jirgi, sai muka bi wani mai jirgin katako irin mai tafiya da iska, wanda suke kira sambuk. Kwana huɗu muna kan ruwa, mutum a kan mutum, ga amai ga ƙarnin kifi. Rana ta biyar da hantsi ya matsa kusa da gaɓa ya ce mu sauka, ya nuna wani tudun yashi ya ce Jidda tana bayansa. Muka sauka cikin ruwa iya ƙugu muna kabbara. Da muka hau tudun ba mu ga komai ba sai wani tudun. Muka waiwaya, jirgi ya riga ya juya.

Ashe can kudu ya zubar da mu, wajajen wani gari da ake kira Lis. Kwana uku muna bin bakin teku da ƙafa. Abin da ya cece mu wata Balarabiya ce mai kiwon awaki, ba ta jin maganarmu ba ma jin tata, ta tatso nono ta ba Baba Audu a ƙoƙo, ta nuna mana inda hanyar mota take. A can wani direba mai ɗauke da itace ya tsaya ya ce mu hau bisa kaya. Samur suke ce wa itacen, ɗan'uwan bagaruwa ne, har ƙamshin ma ɗaya. A kansa muka shiga Jidda, ƙaya tana sukarmu, muna murna.

A unguwar Hindawiyya muka sauka, gidan Inna Kulu. Bahaushiyar Sudan ce, ta shekara ashirin a Jidda, tana sayar da gyaɗa da dafaffen ƙwai a bakin kasuwa. A lokacin unguwar rabinta ɗakunan katako ne da gwangwanayen da aka buɗe aka buga, ruwa kuwa sai an saya wajen masu jakuna. Inna Kulu tana da faɗa, amma faɗanta ba ya kwana. Ita ta samo mini aikin wanke-wanke da cefane a unguwar Bagdadiyya, gidan wani Bature injiniya da ke aikin tashar jiragen ruwa, mutumin wata ƙasa mai nisa da ake kira Barazil. Injiniya kawai muke ce masa.

Ni Jidda ta karɓe ni. Baba Audu ne ba ta karɓa ba. Tun tafiyar bakin tekun nan jikinsa bai koma daidai ba, sannan azumi ya kama, ya ƙi ajiye ko ɗaya duk da magiyar da muka yi masa. Kafin ƙaramar salla ya zama in zai tashi sai ya dafa bango. Abinci kuwa ya ƙi shiga. A kawo shinkafa ya kau da kai, a kawo ful, dafaffen waken Larabawa, ya ce yana masa warin jirgi, a yi romon ɗanyen nama ƙarninsa kaɗai ya sa shi yunƙurin amai. Shayi da ɓallin burodi, shi ke nan abincinsa.

Muka kai shi wurin likita, wani Bamisire. Ya ja fatar idonsa ƙasa ya nuna mini, fari fat. Ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma ba allura ce za ta tashe shi ba, abinci ne: nama, wake, hanta, ɓargo. Na ce masa bawan Allahn nan shekara goma sha ɗaya yana tafiya don ya tsaya a Arfa, saura wata biyu. Likita ya girgiza kai ya ce in dai haka zai ci gaba, ba Arfa ba, ko bakin titi ba zai kai ba.

A hanyar komawa na ce, "Baba, don Allah me ke hana ka cin abinci?"

Ya ce, "Ɗan Tela, abincin garin nan ba ya ƙamshin wuta. Komai kananzir nake ji a cikinsa."

Gaskiyarsa ne, kowa a kan risho yake girki. Amma a lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, na zaci rigimar tsufa ce. Na tambayi Inna Kulu ko za a samu busasshen nama, irin wanda mutanenmu ke shanyawa a Mina bayan hadaya. Ta ce na bara ya ƙare tuntuni, kuma kar in wahalar da kaina, nama ba ya bushewa a Jidda, damshin teku ne ke sauka a kansa ya yi yauƙi kafin kwana biyu. Wannan na san shi tun kafin ta faɗa. Na kuma san abin da ake yi wa nama in iska ta ƙi busar da shi, amma na ja bakina na yi shiru.

Wata Asabar Injiniya ya shigo kicin ya same ni ina tsintar farin wake, irin namu, wanda a nan ake kira lubiya. Ya ɗebi kaɗan a tafin hannu ya tsaya yana kallo. Da ɗan Larabcinsa da ɗan nawa ya shiga ba ni labari. Ya ce a ƙasarsu ran Asabar irin wannan uwarsa takan ɗora tukunyar wake tun da safe, nasu baƙi ne, ta zuba naman alade wanda aka kyafa. Na ce a'uzubillahi a zuciyata, ya ga fuskata ya yi dariya, ya ce ya sani, shekararsa uku bai sa shi a baki ba. Ya ce ba tsoka mai kyau ake sawa ba, wutsiya ce da ƙafa da haƙarƙari, abin da masu hali ba sa so. Wai a yadda kakarsa ta gaya masa, abincin masu aikin rake ne, baƙaƙe irina da aka kwaso daga ƙasashenmu, kwano ɗaya yana riƙe mutum tun safe har faɗuwar rana. Yanzu kuma kowa ke ci, dangi su taru a kansa, a ba mai jego, a ba wanda ya tashi daga ciwo.

Na ce, "To ga wake, ga naman sa a kasuwa, me ya hana a yi maka?"

Ya ce ya gwada, bai yi ba. Ya taɓa hancinsa ya ce, "Dukhan." Hayaƙi ke nan. Ya ce ba naman yake kewa ba, hayaƙin da ke jikin naman yake kewa.

Na tsaya da wake a hannu. Mutum biyu, ɗaya daga Gumel ɗaya daga bayan teku, sun gaya mini magana ɗaya. Ni kuwa tun ina shekara tara nake juya banda a kan ragar ubana. Kunya ta kama ni, ba irin wadda na saba ji ba. Tsoho yana ƙarewa a gabana, maganinsa yana hannuna, ni kuma ina ta tsaron wata ƙarya da ba ta ƙara ni da komai ba.

Na roƙi Injiniya hutun kwana uku. Ya ba ni, ya haɗa mini da rabin ganga da wata tsohuwar ragar ƙarfe daga wurin aikinsu.

Da sassafe na nufi kwata, can kudancin gari kusa da teku. Tun daga nesa warin ya tare ni, sai na ji kamar na shigo unguwarmu. Babban mahaucin wurin Ammu Bakur, Bahaushe ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci.

Ya ce, "Esh tibgha, ya akhi? Me kake so?"

Na ce wutsiyar sa nake so, da ƙauri, da haƙarƙari, amma aiki zan yi a biya ni da su.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka iya sakkin? Wuƙa, wuƙa."

Na miƙa hannu, ya ba ni wuƙar. Shekara shida rabona da ita, amma ina riƙe ƙotar hannuna ya tuna komai. Na feɗe bijimi guda ban huda fatar ko wuri ɗaya ba. Ammu Bakur ya ɗaga fatar ya duba ta a hasken rana, ya ce, "Mashallah. Inta ɗan gida ne. Yalla, ɗauki abin da kake so, gobe ma ka zo."

Na biya kasuwar itace na ɗauko ƙullin samur. A tsakar gidan Inna Kulu, tana kasuwa, na yanka naman na shafe shi da gishiri da barkono da citta, na haɗa wuta a gindin ganga, na bari ta ci ta faɗi, sannan na jera nama a raga na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Banda ba ta son harshen wuta, hayaƙi take so mai tafiya a hankali. Abin da ban lissafa ba shi ne ina cikin unguwar katako, inda ba abin da mutane ke tsoro kamar hayaƙi.

Kafin azahar na ji ana "Hariga, hariga" a waje, wato gobara. Maza suka banko ƙofa da garewani, wani Bayamale bai tsaya tambaya ba ya sheƙa ruwa a kan gangar, ruwan da ya saya da guminsa. Sai ga Inna Kulu da farantin gyaɗa a ka, tana haki. Ta ga ba gobara ba ce, ta ga ni ne tsaye jiƙe sharkaf, sai ta sauke farantin a hankali. Na gwammace ta jefe ni da shi.

Ta ce, "Ya waladi, unguwa guda za ka ƙone mana? Ina ruwan ɗan tela da wuta? Wa ya ce maka haka ake yi?"

Tsakar gida cike da mutane, ɗakin Baba Audu kuma ga shi nan a buɗe, labule kawai. Na ce, "Inna, ni ba ɗan tela ba ne. Ubana mahauci ne a Wudil. Banda nake yi wa Baba, ko Allah zai sa ya ci. Wutar nan ba za ta tashi ba, na san ta."

Na jira a yi dariya ko a toshe hanci. Ba wanda ya yi. Bayamalen ya ɗauki garwarsa yana ba ni haƙuri. Inna Kulu ta ɗaga buhun ta leƙa, ta shinshina, ta ce, "Ashe da mahauci a gidana nake sayen nama mai jijiya wata huɗu. Allah ya shirye ka. Halas, ɗauki gangar nan ka kai bayan gida jikin katangar ƙasa, ni zan zauna in ga wanda zai sake zuba mata ruwa."

Haka aka yi. Ta ɗauki kujera ta zauna gadi, duk wanda ya leƙo ta kore shi. Yini biyu ina juya nama har ya yi duhu kamar dabino, kitsen ya shige ciki. Rana ta uku na jiƙa wake, Inna Kulu ta fito da wata daddawa da take ɓoyo a gwangwani, wadda ko 'yarta ba ta ba. Na ɗora tukunyar ƙasa a kan garwashin samur tun hantsi: wake, 'yar kanwa, albasa, daddawa, wutsiya da haƙarƙari, na fasa ƙashin ƙauri don ɓargon ya narke a ciki. Ban sauke ba sai bayan la'asar, lokacin wake ya fashe ya yi kauri, nama kuwa ko da harshe za ka raba shi, don haƙoran Baba Audu ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba.

Ban kai masa ba. Na gaji da ganin yana kau da kai. Na ajiye tukunyar a bakin ƙofarsa ta inda iska ke shiga, na buɗe murfin, na koma gefe ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Aka jima, sai na ji muryarsa.

"Ɗan Tela."

"Na'am, Baba."

"Wa ke girki da itace?"

"Ni ne."

Ya ce, "To ɗan ɗebo in gani."

Loma uku ya yi ya ce ya isa. Na zauna ina jiran amai, bai zo ba. Washegari ya ci rabin kwano. Ran na huɗu shi da kansa ya tambaya ko akwai saura. Kullum da safe ina kwata wajen Ammu Bakur, da rana ina Bagdadiyya, ganga kuwa ba ta huce ba a bayan gida. Wani lokaci in sa hanta, wani lokaci Inna Kulu ta yanka alayyahu a kai, mu matse lemon tsami. Bayan mako biyu Baba Audu ya fita alwala ba dafa bango. Bayan wata guda ya taka har masallacin unguwa, ya dawo yana mitar liman yana ja da yawa. Da na ji ya fara mita na san lafiya ta samu.

Na kai wa Injiniya nasa a kwanon sha. Ya ci a tsaye a kicin, sai da ya suɗe cokali. Ya ce ba na uwarsa ba ne, amma maƙwabcinsa ne. Daga nan kowace Asabar sai na dafa masa, yakan kira abokan aikinsa su zauna su yi ta surutu da yarensu har yamma.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Baba Audu ya ji abin da na faɗa a tsakar gida, ba yadda za a yi bai ji ba, amma bai taɓa tayar da maganar ba. Ɗan Tela yake kirana kamar da. Ni kuma na kasa fara ta.

Ranar Arfa muka isa filin kafin azahar, a bayan wata babbar mota cike da mutanen Hindawiyya. Na so in riƙe shi wajen sauka ya ture hannuna. Da rana ta karkata ya miƙe tsaye da ƙafafunsa, ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu. Ina bayansa ina jiran ya yi tangaɗi in tare, bai yi ba. Na ji yana kiran sunan matarsa, da iyayensa, da matar nan mai awaki wadda ba mu san sunanta ba. Na ji nawa sunan, Haruna, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun Madani. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba, don a wurin kowa ma kukan yake yi.

Da ya zauna shan ruwa na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ka yafe mini. Shekara huɗu ina yi maka ƙarya."

Ya ce, "Wace ƙaryar? Ta tela?" Ya goge gemunsa. "Tun ranar akuyar nan ta Madani na sani. Kowa na kallon nama, kai kana kallon hannun mai fiɗa kana cije leɓe kamar kai ake yanka. Na ce bari in yi ta ba shi ɗinki, wata rana zai gaji ya faɗi gaskiya. Kai kuwa taurin kai, ka gwammace ka ƙarar mini da riguna." Ya kama gefen haraminsa ya girgiza. "Ka ga yau Allah ya hutar da ni, na sa tufar da ba ta da ɗinki."

Muka yi dariya har wani Baturke da ke kusa ya juyo yana kallonmu.

Washegari a Mina mutanen tantinmu suka haɗu suka sayi raguna biyu, aka tsaya ana muhawarar wa zai yanka wa zai feɗe. Ina can baya, tsohuwar ɗabi'a ta sa har na fara naɗe hannu. Sai Baba Audu ya ɗaga murya yadda na tantin gaba ma za su ji, ya ce, "Ku daina wahala, ku ba ɗana. Mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Shi ya kawo ni Arfa."

Aka buɗa mini hanya. Na gyara zanen haramina, na karɓi wuƙar, na gwada kaifinta a farcena kamar yadda ubana yake yi, na ce a kawo na farko.